Bel ɗin Mota: Daga Suwidin Zuwa Hanyar Sheme

Mai karatu, wannan bel da kake ja ka rataya a kafaɗa sai in an hango shingen jami'ai, a 1959 Nils Bohlin, injiniyan kamfanin Volvo na Suwidin, ya fito da shi. Kamfanin ya bar wa kowa fasahar kyauta. A Nijeriya kuwa, an kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra a 1988, ƙarƙashin Wole Soyinka, amma sai ranar 1 ga Janairu 2003 ta fara tilasta ɗaura bel. Da tara ya shigo mana, shi ya sa har yau ake ɗaura shi don jami'i, alhali yana rage haɗarin mutuwar na gaba da kusan rabi.

Jakar iska ta biyo baya, cikin motocin Beljiyam. An ƙera ta ne domin wanda ya riga ya ɗaura bel, tana kuma fashewa da gudun kusan kilomita 300 a awa. To, dubi Golf da ta taso daga Ƙanƙara ko Faskari, ko ta bi hanyar Sabuwa zuwa Dandume: mutum biyu a kujerar gaba, bel ɗaya, direba na sauri kada magariba ta riske shi a daji. In uwa ta rungume jariri a wurin, shi jakar za ta fara doka.

Saboda haka, ki koma baya da yaronki, Hajiya, ko da an ce gaba ta fi iska. Mai juna biyu kuma ta saukar da bel ƙasan ciki, bisa ƙugu.