Allura Ɗaya, Lamba Biyu: Tarihin Laba da Kilo Daga Kasuwar Katako

Ranar wata Asabar na shiga Katako sayen ƙusa, sai na tarar da gardama a rumfar masu sayen tsohon ƙarfe. Wani yaro ya kawo buhun tarkace, an rataya shi a sikeli. Yaro ya rantse allura ta tsaya a kan 22, mai saye ya ce 10 ne, kuɗin 10 zai biya. Da na leƙa, wallahi duka biyun gaskiya suka faɗa. Sikelin yana da layin lambobi biyu: na waje an rubuta kg, na ciki an rubuta lb. Yaron laba yake karantawa, mai saye kuma kilo. Ƴan'uwa ɗalibai, wannan gardamar ta girmi kakanninmu.

Kafin zuwan Turawa, hatsi ba a auna nauyinsa, cikarsa ake aunawa. Mudu, kwano, zakka, dami: waɗannan su ne ma'aunanmu. Kalmar mudu daga Larabci ta zo, kuma har gobe da mudun Annabi ake fidda zakkar kono. Abin da ake ɗorawa a kan ma'auni shi ne kaya mai tsada, kamar zinariya, wadda fataken Sahara ke aunawa da miskali, wato giram huɗu da ɗan wani abu.

Sai Faransa ta kama Damagaram a 1899, Ingila ta kama Kano da Sakkwato a 1903. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka ja layi tsakanin Maraɗi da Katsina, kowane ɓangare ya gaji ma'aunin wanda ya mallake shi.

Na Faransa ɗan juyin juya hali ne. A 1795 suka kafa dokar mita da giram, domin a da kowane gari da irin awonsa, talaka ne ke shan cuta. Komai suka ɗora shi a kan goma: giram 1000 kilo ɗaya, kilo 1000 tan ɗaya. Na Ingila kuwa tsohon gado ne: oza 16 laba ɗaya, laba 112 babban awo ɗaya, laba 2240 tan ɗaya. Sai a 1959 ƙasashe masu magana da Ingilishi suka daidaita cewa laba ɗaya giram 453.59237 ce. Ka ga ke nan, yau laba ma da kilo ake bayyana ta.

A nan ne mu masu nazarin harshe muke jin daɗi. A Ingilishi kalma ɗaya ce ke nufin kuɗi da nauyi. Bahaushe ya raba ta biyu: kuɗin ya kira shi fam, nauyin ya kira shi laba, dangin wannan alama ta lb da ta samo asali daga kalmar Latin, libra. Harshe ya warware ruɗanin da masu abin suka bari.

Lokacin cinikin gyaɗa ne abin ya yi zafi. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, kamfanoni a can suna saye da tan ɗin Ingila, su biya da sule da fam. A Maraɗi da Damagaram ana saye da kilo, a biya da tamma. Ɗan kasuwar da ke kan iyaka dole ya juya nauyi, ya juya kuɗi, duk a ka, kafin ya san wajen da ya fi riba. Tan ɗin ma ba ɗaya ba ne: na Ingila kilo 1016 ne, na Faransa 1000. Bambancin kilo 16 a tan ɗaya ƙarami ne, amma a tan ɗari ya zama kilo 1600. Manomin da bai iya wannan lissafi ba, abin da aka ce masa shi zai karɓa.

Najeriya ta bar fam ta koma naira a 1973, kuma a shekarun nan na 1970 ta koma kilo da mita. Amma laba ba ta mutu ba, ɓuya ta yi. Dilar gwanjo mai kilo 45, me ya sa 45? Domin laba 100 ce. Buhun siminti da kake gani jibge a Katako, kilo 50, magajin tsohon buhun Ingila ne mai laba 112, wato kilo 50.8, shi ya sa a tsarin biyu duka buhu 20 ne tan ɗaya. Zinariya kuwa, matasanmu da suka tafi Jado tun 2014 da giram suke sayarwa, alhali farashin duniya da oza ake faɗinsa. Kuma ozar zinariya giram 31.1 ce, ba 28.35 ta sauran kaya ba. Wanda ya rikita su, shi zai kwana ciki.

Ga dabarar da na nuna wa yaron nan. In kana da laba kana son kilo, raba biyu, ka cire kashi ɗaya cikin goma: 22 ta koma 11, cire 1.1, saura kusan 10. In kana da kilo kana son laba, ninka biyu, ka ƙara kashi ɗaya cikin goma: kilo 50 ya zama laba 110.

To, tiya fa? Ita har yau tana nan, ta ƙi laba, ta ƙi kilo. Ana cewa tiyar hatsi kusan kilo biyu da rabi ce, amma tiyar wake daban, ta shinkafa daban, kuma tozon da mai awo ya ɗora shi ma magana ce. Shi ya sa tsohuwa in ta zo awo, hannun mai awo take kallo, ba bakinsa ba.

Yaron ya karɓi kuɗin kilo 10. Kafin ya tafi, ya sake ɗora buhun, ya karanta layin waje da kansa.