Awon Shiga da Awon Fita a Dafon Zariya

Tun 1924 Dafon sojoji yake a Zariya, kuma mu da muka yi aikin jinya cikin kaki mun san cewa tsaurin awon likita a ƙofarsa bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Yana bin yawan buƙatar mutane ne. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Turawa sun bi ta hannun sarakuna da hakimai suna neman majiya ƙarfi, aka kwashe su cikin runduna ta 81 da ta 82 zuwa Bama. Bataliyoyin Najeriya uku sun yi yaƙi cikin dakarun Chindit a 1944, shi ya sa barikin da ke kusa da mu a nan Hanwa yake ɗauke da wannan suna. Haka aka yi a yaƙin basasa: tsakanin 1967 da 1970 sojan ƙasa ya tashi daga kusan 10,000 zuwa kusan 250,000. Wa yake da lokacin duba tafin ƙafar kowa? Dattawan da suka koya mana aiki sukan ce a lokacin, in kana iya gudu da ɗaukar bindiga, ka shiga.

Yau abin ya juye. Masu nema sun ninka guraben sau da yawa, don haka awo ya zama rariya. Namiji sai ya kai mita 1.68, mace 1.65. Tun a wurin tantancewa na jiha ake tuɓe yaro, a sa shi ya tsuguna, ya miƙe hannu, ya yi tari a duba gwaiwa, a gwada ido da jini. Abin da ya fi cin yaranmu, a ganina, shi ne tsohuwar karaya. Yaro ya faɗo daga mangwaro ko acaɓa ya kayar da shi, aka kai shi wajen mai ɗori, ƙashi ya haɗe amma gwiwar hannu ba ta miƙewa sosai. A gida babu wanda ya lura. Likita kuwa kallo ɗaya zai yi masa. Sai uban ya tare ni bayan sallar magariba: "Baba, ka sa baki mana, ai ya warke." Nakan ce masa, ɗan'uwa, gara a mayar da shi yanzu. Wata shida na horo, gudu da takalmi mai nauyi da jaka a baya, suna tsaga ƙashin ƙaurin lafiyayye ma, balle wanda ya ɓoye rauni. Kuma in an gano kurtu ya shigo da ciwonsa, sallama ce hannu rabbana.

Ƙofar fita ta fi jinkirin gyaruwa. Bayan yaƙin Bama ne aka fara tanadin wurin kula da naƙasassun sojoji a Legas, wanda daga baya ya zama cibiyar Oshodi da ke koya wa masu barin aiki sana'a, sannan aka kafa ƙungiyar 'yan mazan jiya ta Nigerian Legion a 1964. Tsarin dai shi ne kwamitin likitoci ya zauna, ya duba ko raunin a bakin aiki aka same shi, ya ƙiyasta girman naƙasar, ya yanke ko a mayar da mutum aikin ofis ko a sallame shi. Fanshonsa ya rataya ne a kan wannan takarda. Na ga sajan da ya ji ciwon baya a daji, ya daure don kada a ce rago ne, bai kai rahoto ba. Da lokacin fita ya yi, babu layi ɗaya a fayil da ya ambaci ciwon.

Yaƙin Arewa maso Gabas ya kawo raunin nakiya da yanke ƙafa, asibitin sojoji na 44 da ke Kaduna ya zama matattarar masu jinya. An samu ci gaba: ƙafar roba ta inganta, har Najeriya ta je wasannin Invictus na sojojin da suka ji rauni a Jamus a 2023, inda sojanmu Peacemaker Azuegbulam ya ci zinare. Amma akwai waɗanda ke dawo mana unguwa da gaɓoɓinsu cif, kunne ɗaya ya mutu saboda ƙarar igwa, ba sa barci, ƙarar salansar babur tana sa su zabura. Matansu ne suka fara sanin halin da ake ciki, kuma ba a cika jin ta bakin matar ba idan kwamiti ya zauna.