KUNDIN ƊALIBA: TARIHIN MATAN DA ZANENSU YA YI MUSU SHAIDA

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Akwai sana'o'in da idan mutum ya zo neman aiki ba a cika damuwa da daɗin bakinsa ba, sai dai a ce masa, "Ina abin da hannunka ya yi?" Zanen gini yana cikin irin waɗannan sana'o'i. Ɗalibar da ta shiga makarantar koyon zanen gine-gine, tun daga shekarar farko ake umurtarta da ta riƙa adana aikinta: zanen shimfiɗar gida kamar an cire rufi ana leƙawa daga sama, da zanen fuskar gida, da zanen cikinsa kamar an tsaga shi biyu, da ƙananan zane-zanen ƙofa da taga da matakala. Idan ta zaɓi masu kyau daga ciki ta jera su a wuri guda, to ta haɗa abin da Turawa ke kira fotfoliyo, kalmar da asalinta daga Italiyanci ne, ma'anarta abin ɗaukar takardu. Mu dai a nan kundi za mu kira shi, tunda mun san darajar kundi a hannun mai shi.

To 'yar uwa, wannan kundi yana da tarihi, kuma a cikin tarihin akwai mata uku da ya kamata ki san labarinsu.

Asalin wannan tsari na auna ɗalibi da zanensa ya yi ƙarfi ne a birnin Faris na ƙasar Faransa, a wata shahararriyar makaranta mai suna École des Beaux-Arts. A can, idan za a ba ɗalibi aiki, sai a shigar da shi wani ɗan ɗaki shi kaɗai har tsawon awa 12, ya fitar da zanen farko ba tare da kowa ya taya shi ba. Sai makaranta ta riƙe wannan zane, shi kuma ya tafi da kwafi ya yi makonni yana gyarawa yana ƙawatawa. Ranar miƙa aiki, amalanke ne ke kwashe zane-zanen zuwa gaban alƙalai. Idan aka tarar aikin ƙarshe ya kauce wa zanen farko, sai a fitar da shi daga gasa. Da makin waɗannan gasanni ɗalibi ke hawa daga aji zuwa aji, kuma duk wanda ya cika shekara 30 an rufe masa ƙofa. Kin ga ke nan tun a wancan lokaci an san cewa zanen farko, duk da rashin kyansa, shi ne shaidar cewa tunanin na mai shi ne.

Wannan makaranta ba ta fara karɓar mata ba sai a 1897. Wata 'yar Amurka mai suna Julia Morgan, wadda ta riga ta karanta aikin injiniya a Kalifoniya, sai a zama na uku ta ci jarrabawar shiga sashen zanen gini a 1898. Lokaci ya ƙure mata, domin an haife ta a 1872, amma ta dage ta tara makinta, ta karɓi takardar shaida a 1902, ita ce mace ta farko da ta yi haka a wannan fanni. Da ta koma gida ta zana gine-gine fiye da 700.

Amurkawa sun kwaikwayi tsarin Faransa. Makarantar MIT, wadda a lokacin take birnin Boston, ita ta fara koyar da zanen gini a matakin jami'a a ƙasar, a 1868. Mace ta farko da ta kammala cikakken karatun a can ita ce Sophia Hayden, a 1890. Aikinta na ƙarshe a makaranta zanen wani gidan ajiye kayan fasaha ne. Da ta fito ba ta sami aikin da ya dace da karatunta ba, sai ta koma koyar da zane a wata makaranta. Ana nan, sai aka yi shelar gasa a 1891 ta mata zalla, ana neman wadda za ta zana Ginin Mata na babban bikin baje kolin duniya da za a yi a Shikago a 1893. Me kike tsammani Sophia ta yi? Aikinta na makaranta ta ɗauko ta gina sabon zanen a kansa, kuma ita ta zo ta ɗaya, tana 'yar shekara ashirin da 'yan kai. Don tuwon gobe ake wanke tukunya. Da ta yar da takardunta ranar da ta gama makaranta, da daga ina za ta fara?

Sai dai labarin nata bai ƙare da daɗi ba. Dala 1,000 aka ba ta, alhali mazan da suka zana sauran manyan gine-ginen bikin an biya su ninkin-ba-ninkin haka. Masu shirya bikin sun yi ta katsalandan a aikinta har abin ya taɓa lafiyarta. Da aka tashi daga biki aka rushe ginin, ita kuma ba a sake gina wani gini da ta zana ba har ta rasu a 1953. Allah Sarki! Yau babu abin da ya rage na wannan gini sai hotuna da zane. Ashe takarda takan fi bango daɗewa.

Mace ta biyu da ta kammala karatun zanen gini a MIT ita ce Marion Mahony, kuma labarinta ne ya fi kowanne darasi. An haife ta a Shikago a 1871, shekarar da gobara ta cinye babban ɓangaren birnin. Mahaifinta ya rasu tana yarinya, mahaifiyarta ce ta riƙe gida da aikin makaranta. Ta kammala karatu a 1894, ta ɗan yi aiki a ofishin wani ɗan uwanta mai suna Dwight Perkins, sannan a 1895 ta koma wurin wani matashi da bai daɗe da buɗe ofishinsa ba, wato Frank Lloyd Wright, wanda daga baya ya zama mafi shahara a cikin masu zanen gini na Amurka. A 1898 ta ci jarrabawar samun lasisi ta jihar Illinois, ta shiga sahun matan farko da suka sami irin wannan izini a ƙasar.

Marion ta yi shekaru wajen 14 tana aiki da Wright. Tana zana kujeru da fitilu da tagogin gilashi masu launi, amma abin da ta fi gwaninta a kai shi ne zana gida yadda zai kasance idan an gama shi, da itatuwa da furanni sun kewaye shi, da siraran layukan tawada irin na masu zanen Japan. Mai kuɗi yana ganin irin wannan zane sai gidan ya shiga ransa tun ba a haƙa harsashi ba.

A 1909 Wright ya tafi Turai. A 1910 wani maɗaba'i a birnin Balin na Jamus, mai suna Ernst Wasmuth, ya buga kundin ayyukansa, manyan shafuka 100. Wannan kundi shi ya kai sunan Wright ko'ina a Turai, matasan masu zanen gini suka yi ta nazarinsa suna koyi da shi. Masana tarihi da suka bi diddigi daga baya sun gano cewa kusan rabin zane-zanen, wasu ma suka ce fiye da rabi, daga zanen hannun Marion aka kwafe su. Amma sunan mutum ɗaya ne a bango. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

A yi adalci dai, tsarin gidajen na Wright ne, kuma al'adar ofisoshin wancan zamani ce aikin yaran gida ya fita da sunan maigida. To yaya aka yi aka gane hannunta? Abu biyu ne suka taimaka. Na farko, salonta ba ya ɓuya. Na biyu, Marion takan sa haruffan sunanta guda uku, MLM, a jikin wasu zane-zanenta na asali. Waɗannan 'yan haruffa da ba su kai girman farce ba, su suka zama madogarar masu bincike bayan shekaru masu yawa.

A 1911 ta auri abokin aikinta Walter Burley Griffin. A wannan shekarar ce gwamnatin Ostireliya ta yi shelar gasar tsara sabon babban birninta, saboda biranen Sidni da Melbon kowanne ya ƙi yarda ɗan uwansa ya zama hedikwata. Miji da mata suka shiga gasar alhali ko sau ɗaya ba su taɓa taka ƙasar ba, da taswira da bayanan da aka aiko kawai suka yi aiki. Marion ce ta zana manyan hotunan da suka nuna birnin kwance a tsakanin duwatsu da ruwa. Zane 137 ne suka shiga gasar, a watan Mayu na 1912 aka bayyana cewa nasu ne ya ci. Birnin shi ne Kanbera. Amma da sunan Walter aka shigar da aikin, don haka shi duniya ta sani.

Sun koma Ostireliya da zama a 1914, suka yi ayyuka da dama a Melbon da Sidni. Daga baya aiki ya kai su birnin Lakno na Indiya, inda Walter ya rasu a 1937. Marion ta dawo Shikago ta zauna ta yi abin da ya ceci sunanta. Ta tattara zane-zane da hotuna da wasiƙu, ta rubuta tarihin aikinsu a wani ƙaton littafi mai suna The Magic of America. Ba a buga shi tana raye ba, amma ta kai kwafinsa gidajen adana tarihi, ta kuma ba da zane-zane ga jami'o'i. Ta rasu a 1961 tana da shekara 90, ba tare da mutane da yawa sun san ko wace ce ita ba. Sai a 2007 aka saka littafin a intanet kowa ya iya karantawa, kuma a 2013, da Kanbera ta cika shekara 100, aka raɗa wa wurin hangen birnin daga kan dutsen Ainslie sunanta.

Kada ki ce wannan labarin Turawa ne kawai. Karatun zanen gini ya iso Zariya tun 1955, lokacin da aka dawo da sashen daga Ibadan, sannan ya zama ɓangaren Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Manyan makarantun kimiyya da fasaha ma suna ba da difloma a wannan fanni, kuma 'ya'yanmu mata suna shiga. A Nijar akwai Mariam Issoufou, wadda ta fara da karatun kwamfuta, daga baya ta koma makaranta a Amurka ta karanta zanen gini, ta buɗe ofishinta a Yamai a 2014. Ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili ne suka mayar da tsohon masallacin garin Dandaji ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa da tubalin ƙasa, aka kammala a 2018.

Kayan aiki sun canja. Da can allon zane ne da fensir da rula da tawada, amma tun da aka fito da manhajar AutoCAD a 1982 aikin ya yi ta komawa kan kwamfuta, har ya zamana ana aika kundi ta waya. Duk da haka ƙa'idojin suna nan. Ɗaliba ta rubuta sunanta da kwanan wata da ma'aunin zane a kusurwar kowace takarda. Ta ajiye zanen farko tare da na ƙarshe, domin mai dubawa yana son ya ga yadda tunaninta ya taso. Kada ta cusa duk abin da ta taɓa zanawa, aiki kaɗan mai kyau ya fi tarin shirgi. Manyan takardu a shimfiɗe ake ajiye su ko a naɗe, ba a ninke su, kuma a nisanta su da laima da gara. Abin da ke kan kwamfuta a ajiye shi wuri biyu. Idan aikin haɗin gwiwa ne, ta faɗi ɓangaren da ta yi, ta kuma ambaci sunayen sauran, don kada ta yi wa wata abin da aka yi wa Marion.

Ke kuma uwargida, idan 'yarki ko ƙanwarki tana wannan karatu, ki taya ta tsaron takardunta. Waɗannan manyan takardu da kike gani a bayan gado ba na hura wuta ba ne, ba na ƙunshe ƙosai ba ne, kuma kada a bar yara su yi wasa da su. Wataƙila takardar da za ta samo mata aiki tana cikinsu.

Hatta ke mai ɗinki, ko mai saƙa, ko mai zanen lalle, darasin ya shafe ki. Kayan da kika ɗinka mai shi zai tafi da abinsa, lalle kuma kwana kaɗan ne ya goge. Ki ɗauki hoto, ki rubuta rana, ki adana. Watarana za a tambaye ki abin da kika iya, kuma a ranar ba za ki so a ce sai kin nemo wanda zai yi miki shaida ba. Allah Ya sa mu dace.