Daga Ɗaya Zuwa Saba'in: Yadda Lamba Ta Zama Alƙalin Cinikin Tsofaffin Kwabbai

A shekarar 1955, a gidan buga kuɗi na birnin Filadelfiya da ke Amurka, an yi wani kuskure da har yau ake cin abinci da shi. Ƙarfen hatimin da ake buga senti ɗaya da shi, shi ma buga shi ake yi daga wani uban hatimi, kuma a wancan zamani sai an danna fiye da sau ɗaya kafin zanen ya zauna. Wannan karon danni na biyu bai sauka daidai kan na farko ba, ya ɗan karkace. Duk kwabon da ya fito daga wannan hatimi sai ya fito da rubutu ninki biyu, shekarar ma ta zama kamar mai inuwa. Kafin a farga, kwabban sun riga sun cakuɗu da sauran aikin ranar, shugabanni kuma suka ga narkar da tarin gaba ɗaya asara ce, suka sallame su. Kimanin dubu 20 ne ko sama da haka kaɗan suka shiga hannun jama'a. Da yawa an tsince su a cikin kwalin sigari, domin injin sayar da sigari tsabar senti 25 yake karɓa, kwali kuwa senti 23 ne, don haka akan cusa canjin senti biyu cikin ledar kwalin. Yau ko wanda ya sha hannu daga cikinsu ya haura dala dubu.

Masu tara tsabar kuɗi suna da rukuni guda da ba ruwansu da shekara kawai. Abin da suke bi shi ne irin wannan bambanci tsakanin hatimi da hatimi: harafin da ya ninku, lambar da aka buga a kan wata, ganyen da ya ƙaru. Akwai senti biyar na 1937 daga gidan buga kuɗi na Denba wanda ɓaunan da ke jikinsa ƙafa uku gare shi, saboda wani ma'aikaci ya goge hatimin har ƙafa ɗaya ta ɓace. Akwai dalar azurfa ta 1878 da ake ƙirga gashin wutsiyar gaggafar da ke bayanta, wata takwas, wata bakwai, wata kuma bakwai a kan takwas. Mutum biyu, Leroy Van Allen da George Mallis, sun ɓata shekaru suna jera bambance-bambancen waɗannan daloli, har aka ɗauki haruffan sunayensu aka yi VAM, wanda ake liƙa wa kowane iri da lambarsa. A 1990 Bill Fivaz da J. T. Stanton suka fitar da littafin da ya koya wa talaka yadda zai shiga shagon dillali ya tsamo mai tsada daga cikin tarin masu araha ba tare da dillalin ya sani ba. Wannan sana'a ce ta ido da haƙuri, kuma gaskiya akwai ɗan wayo a cikinta.

To amma gane iri rabin ciniki ne. Sauran rabin shi ne tambayar da ta fi haddasa rigima: wane hali kwabon yake ciki?

Tun a ƙarni na 19 dillalan Amurka suka fara sayar da kayansu ta wasiƙa. Su buga jerin kaya, mutum a wani gari mai nisa ya karanta, ya aiko da kuɗi. Siffantawar kuwa 'yan kalmomi ne, mai kyau, mai kyau ƙwarai, wanda bai shiga hannu ba. Kowa da abin da yake nufi da su. Sanannen abu ne a tsakaninsu cewa kwabo yakan ƙara daraja a daidai lokacin da ya tashi daga hannun mai kawowa ya koma hannun mai sayarwa. Cinikin biri a sama ke nan. Malaman fiƙihu na mazhabar Malikiyya sun daɗe da halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, da sharaɗin idan ya zo ya saɓa wa siffar mai saye yana da zaɓi. Wahalar a nan ita ce siffar kanta ba ta da mudu.

Wanda ya kawo mudun ba dillali ba ne. William Sheldon masanin halayyar ɗan Adam ne, wanda ya yi suna da wata nazariyya ta danganta ƙirar jikin mutum da ɗabi'arsa, nazariyyar da masana suka yi watsi da ita daga baya. A gefe guda kuma yana da son manyan sentinan jan ƙarfe na farkon kafuwar Amurka, na 1793 zuwa 1814. A littafinsa na 1949 ya jera hali daga 1 zuwa 70. Mutane da yawa suna mamakin me ya sa saba'in ba ɗari ba. Dalilin kuɗi ne. Sheldon ya lura cewa a kasuwar lokacinsa, sentin da bai taɓa shiga hannu ba, marar aibi ko kaɗan, yana kai kusan ninki saba'in na wanda ya goge sarai har sai da ƙyar a gane shi. Sai ya ce a ba kowane iri farashin tushe, a ninka da lambar halinsa, a sami kuɗinsa. Mai lamba 12 ninki goma sha biyu, mai lamba 40 ninki arba'in.

Lissafin bai yi tsawon rai ba, domin kasuwa ba ta bin jadawali, kuma cikin 'yan shekaru farashin masu kyau ya tsere wa ninkin. Lambobin ne suka tsira. Wani abin da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba shi ne yadda sunan Sheldon ya ƙare. Bayan rasuwarsa a 1977, bincike ya nuna cewa sentina sama da ɗari na tarin wata tsohuwar ƙungiyar nazarin kuɗi ta birnin New York, wato ANS, an musanya su da waɗanda ba su kai su ba, kuma na ainihin sun bi ta hannunsa. Ƙungiyar ta yi shekaru tana shari'a don dawo da su. Mutumin da ya san bambancin 50 da 60 fiye da kowa, ya san kuma cewa mai tsaron akwati ba lallai ya sani ba.

Daga nan aka yi ta gyare-gyare. A 1958 aka fitar da jagoran tantance halin kwabo, a 1970 James Ruddy ya fitar da mai hotuna. Babbar ƙungiyar masu tara kuɗi ta Amurka, ANA, wadda aka kafa a 1891, ta buɗe ofishin tantancewa a 1972, da farko don raba na gaske da jabu kawai. A 1977 ta ɗauki ma'aunin Sheldon ta shimfiɗa shi a kan dukkan tsabar kuɗin ƙasar, a 1979 kuma ofishin ya fara ba da maki, yana haɗawa da takardar shaida mai hoto. Lokacin ya zo daidai da haukan azurfa, sa'ad da 'yan'uwan gidan Hunt na Texas suka yi ta saye har oza ɗaya ta kusa dala 50 a Janairun 1980. Kuɗi ya kwararo cikin harkar, tare da mutanen da ba su taɓa riƙe madubin duba kwabo ba. Takarda kuwa ana iya raba ta da kwabonta a haɗa da wani. Ga shi kuma idon masu ba da maki ya ƙara tsanani bayan kasuwa ta faɗi, ta yadda abin da aka kira 65 jiya ya koma 63 yau, mai shi ya wayi gari da asara ba tare da kwabon ya canza ba.

A 1986 David Hall da wasu dillalai suka kafa kamfanin PCGS a jihar Kalifoniya, da dabara mai sauƙi: ƙwararru fiye da ɗaya su duba, a tsayar da maki, a rufe kwabon da lambarsa cikin gidan roba mai kauri wanda ba ya buɗuwa sai an fasa, kamfani kuma ya ɗauki lamunin abin da ya rubuta. Shekara guda bayan haka John Albanese ya kafa NGC. Daga 60 zuwa 70 aka cike kowane gurbi, matakai goma sha ɗaya duk ga kwabban da ba su shiga hannu ba. Manufar a fili take, a iya ciniki ta waya ba tare da an ga kaya ba, kamar hannun jari. Har wasu manyan kamfanonin zuba jari na New York suka buɗe asusun tsofaffin kwabbai. Farashi ya kai ƙololuwa a 1989, sannan ya rufto. A 1990 hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka ta kai PCGS ƙara kan yadda yake tallata makinsa tamkar ma'auni marar son rai, aka sasanta, kamfanin ya yarda ya riƙa bayyana cewa makinsa ba garkuwa ba ne daga asara.

A ganina nan ne gaskiyar lamarin ta fito. Maki ra'ayi ne da aka sa wa rigar lamba. Tazarar 64 da 65 tana iya zama ɗan ƙarce guda a kuncin hoton, amma a wasu shekarun tazarar kuɗinsu ninki ne da yawa. Saboda haka aka sami masu sana'ar fasa gidan roba su sake aika kwabo, sau biyu, sau biyar, har ranar da ya dace da idon da zai ɗaga shi mataki ɗaya. Wanda ya hau ba ya saukowa, don ba mai fasa gidan kwabon da aka yi wa alfarma. A hankali kasuwa ta cika da kwabban da suka tsallake da ƙyar. Har ta kai a 2007 Albanese ɗin nan ya kafa wani kamfani, CAC, wanda aikinsa duba aikin masu dubawa, ya manna ɗan koren tambari a kan gidan robar idan ya gamsu. Mai saye yanzu yana biyan kuɗin kwabo, da kuɗin maki, da kuɗin shaidar cewa makin ya cancanta.

Intanet ta tarar da wannan tsari a shirye. Da shafin gwanjo na eBay ya buɗe a 1995, duk wanda ya gāji gwangwanin kwabbai daga kakansa ya zama dillali. Alherin da ke ciki ba kaɗan ba ne, domin mai neman wani iri da a da sai ya jira taron shekara yanzu yana ganin ɗaruruwa a dare ɗaya, yana kuma iya duba nawa aka sallama irinsa a gwanjon baya kafin ya taya. Wannan na ƙarshe shi ne babban makamin mai saye, don kuɗin da mai kaya ya rubuta buri ne kawai, wanda aka biya shi ne farashi. Masu idon tsamo iri ma sun sami sabon fili, suna bin hotunan masu sayarwa da ba su san abin da ke hannunsu ba.

Algus ma ya sami fili. Hoto yana ɓoye abin da hannu zai gane nan take: a karkata fitila, layukan goge-goge su ɓace. Kwabon da aka wanke da sinadari ko aka goge don ya yi ƙyalli ya zubar da darajarsa, manyan kamfanonin ba sa ba shi lamba, sai dai su rubuta aibinsa, amma a hoto shi ya fi ɗaukar idon baƙo. Wasu suka buɗe kamfanonin maki na cikin ɗaki, suna rufe kayansu da kansu suna rubuta 70, har eBay ya taƙaita a 2007 cewa ba a sa lambar maki a kan talla sai ta kamfanonin da ya amince da su. Ba a jima ba aka fara ganin jabun gidan robar kansa, akasari daga Sin, wani lokaci ɗauke da lambar shaida ta gaske da aka kwafo daga wani kwabo. Shi ya sa kamfanonin suka shiga ajiye hotuna a rumbunsu don mai saye ya gwada. Ga masu bin iri kuwa, rigimar yau da kullum ita ce ta ninki. Idan hatimi ya ɗan yi tsalle lokacin bugu, rubutu yakan fito da wata inuwa shimfiɗaɗɗiya wadda ba ta ƙara ko sisi, alhali ninkin da ke cikin hatimin kansa yana da tudu da rabuwa a bakin haruffa. Mai sayarwa da bai san bambancin ba, ko ya sani ya yi shiru, zai kira duka da suna ɗaya, ya kafe a kan farashin na 1955.

Kuɗinmu na da ma suna cikin wannan kasuwa. Aninin farko mai huda, na 1907, da sanholo aka buga shi, kuma yana cikin tsabar kuɗin farko a duniya da aka yi da wannan ƙarfe, sai dai bai jure yanayinmu ba, aka sauya shi a 1908. A jikin kwabo da ɗari da anini na Afirka ta Yamma, masu tarawa suna neman ɗan harafi: H na kamfanin Heaton da ke Birmingham, KN na King's Norton, rashin harafi kuma na gidan buga kuɗin sarauta. Shekara ɗaya, harafi daban, farashi daban. Na 1936 suna ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarauta a Disambar shekarar kafin Ingila ta saki kuɗi mai hotonsa, don haka masu talla a intanet suke son rubuta cewa ba a samunsu. Miliyoyi aka buga, kuma wanda ya sha hannu kuɗinsa kaɗan ne.

Haka liyari, dalar azurfar nan mai hoton sarauniya Maria Theresa da fatake suka ratso Sahara da ita. Kusan duk wanda za ka gani 1780 ne a jikinsa, shekarar da ta rasu, domin an ci gaba da buga shi da wannan shekara a Biyana, daga baya har a Landan da Roma da Bombay, kuma Ostiriya ba ta daina ba har yanzu. Mai saye da ya san haka ba ya tambayar shekara. Yakan nemi a aiko masa hoton rubutun da ke gefen liyarin, da na ƙugiyar mayafin da ke kafaɗar sarauniyar don ya ƙirga duwatsunta, sannan ya taya.