Daga hoto 16 zuwa 120 a sakan guda

A 1895, da ƴan'uwan nan biyu, su Lumière, suka nuna silima a Paris, hotuna kusan 16 ke wucewa a sakan guda. Kowane hoto a tsaye yake, ƙwaƙwalwa ce ke haɗa su su zama motsi. Amma ido yana kama ƙyaftawar haske, shi ya sa aka riƙa haska kowane hoto sau biyu ko uku. Da sauti ya shigo wajen 1927, aka tsaya kan 24. Telebijin kuwa ta bi bugun wutar lantarki: 50 a Faransa da Nijar, 60 a Amurka.

Iyaye, wayar da ɗanku ke roƙo yau tana sabunta hoto sau 120. Motsi ya fi santsi, gaskiya ne, amma karatun da ke cikinta bai ƙaru ba. Ku auna kafin ku biya.