Ilimin Manoma a Noman Ranin Kura da Bunkure: Tarihin Manazartan da Suka Ja da Hukuma

A fagen nazarin ilimi akwai wani reshe da ba ya wadatuwa da tambayar ko ɗalibi ya gane darasi. Masu wannan reshe sukan bi diddigi su tambayi wanda ya tsara darasin, da wanda zai ci moriyarsa, da abin da ɗalibin ya riga ya sani amma ba a nemi jin ta bakinsa ba. A ƙasar Hausa irin wannan bincike ya sami fili mai faɗi a gonakin noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam a Jihar Kano, inda ɗaliban magidanta ne, wasu da furfurarsu, malaman kuwa injiniyoyi ne da malaman gona.

Asalin aikin

An fara Aikin Noman Rani na Kogin Kano a zamanin Gwamna Audu Baƙo, da gonar gwaji a Kadawa a farkon shekarun 1970. Kamfanin NEDECO na ƙasar Holan ne ya zana tsarin. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, kuma a 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda daga baya ragamar aikin ta koma hannunta. Burin zangon farko shi ne a shayar da hekta 22,000. Ruwa na gangarowa da kansa daga Tiga ta babbar magudana, ya bi ta Ruwan Kanya, ya rarrabu a ƙananan magudanai har bakin gona, inda manomi ke janyo shi da ɗan lanƙwasasshen bututu.

Aka karɓi gonakin mutane aka baje su da katafila, aka yanka su daidai wa daida, aka mayar musu bayan an zaftare kason hanyoyi da magudanai. Tare da gonar aka miƙo musu sabon darasi: ga abin da za a shuka, ga ranar shuka, ga ranar ban ruwa, ga awon taki. Alkama ce kan gaba. A tunanin masu tsarin, fasaha ta gama zuwa daga tashar bincike, abin da ya rage kawai manomi ya karɓa. In bai karɓa ba, sai a ce duhun kai ne ko riƙon al'ada, maganinsa kuma ƙarin wayar da kai.

Waɗanda suka share hanya

Tun kafin ruwan Tiga ya iso an fara girgiza wannan tunani a Samaru. David Norman, masanin tattalin arzikin noma a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke can, ya bi manoman ƙauyukan Dan Mahawayi da Doka da Hanwa a ƙasar Zazzau tun tsakiyar shekarun 1960. A wata maƙala ta 1974 ya nuna cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, abin da malaman gona ke hanawa, dabara ce mai lissafi: tana rage asara idan damina ta yi gardama, tana kuma biyan wahalar mai noma. Wato dai abin da ake kira jahilci ilimi ne da ba a rubuta ba.

A can Kudancin Amurka kuma Paulo Freire, ɗan ƙasar Birazil, ya rubuta wani ɗan littafi a Chile a ƙarshen shekarun 1960 musamman a kan malaman gona. Ya ce malamin da ke zuba wa manomi bayani kamar mai zuba kuɗi a asusu bai ilimantar da shi ba, sai in sun zauna sun yi musayar sani. Wannan ra'ayi ya zagaya jami'o'in Afirka a shekarun 1970, lokacin da Zariya ke tashen malamai masu ja da hukuma irin su Yusufu Bala Usman.

Tina Wallace da rigimar dawa

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara kawo wannan ido cikin aikin Kogin Kano sosai ita ce Tina Wallace, wadda ta yi bincike a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta fitar da rahotonta a 1979, sannan maƙaloli a 1980 da 1981. Ta zauna da manoma ta tambaye su dalilin da ya sa ba sa bin umarni. Amsar da ta samu ba ta da alaƙa da rashin fahimta.

A duba maganar dawa. Alkama na son sanyi, don haka dole a shuka ta a watan Nuwamba, da shigowar hunturu. Dawa kuwa ba ta isa girbi sai wajen ƙarshen Nuwamba ko Disamba. Gona ɗaya ba za ta ɗauki biyun a kan lokaci ba, sai hukuma ta nemi a bar dawa. Amma dawa ita ce tuwon gida, karanta shi ne danga da makamashi da abincin dabbobi. Magidancin da aka ce ya bar ta, an ce masa ne ya jingina cikin iyalinsa a kan kasuwa da kuma alƙawarin cewa tarakta da taki da ruwa za su zo a kan kari, alhali ya sha ganin sun makara. Wanda ya ƙi, ya fi mai ba shi umarnin sanin abin da ke gabansa.

Wallace ta kuma nuna cewa noman rani na cin kuɗi da ƙwadago fiye da ƙarfin ƙaramin manomi. Wanda ba shi da kuɗin taki da na 'yan ƙwadago sai ya ba da hayar gonarsa ga mai hali, ɗan kasuwa ko ma'aikaci daga birni. Darasi ɗaya aka karanta wa kowa, amma masu jari ne kaɗai ke da halin aiki da shi. A nan ne darajar aikinta take: ta ɗauke tuhuma daga kan ɗalibi ta ɗora a kan darasin da masu tsara shi.

Gunilla Andrae da Björn Beckman, 'yan ƙasar Suwidin, sun faɗaɗa maganar a littafinsu The Wheat Trap na 1985. Sun nuna yadda cin burodi ya ɗaure Nijeriya ga alkamar waje, da yadda noman alkama a manyan madatsun Arewa ke lashe kuɗi mai yawa a kan amfani kaɗan. Kafin nan, a Afrilun 1980, 'yan sanda sun buɗe wuta a kan manoman yankin madatsar ruwa ta Bakolori da ke neman diyyar gonakinsu, aka rasa rayuka da yawa. Bayan wannan, da wuya mai bincike na gaskiya ya ci gaba da cewa matsalar madatsun ruwa ƙarancin wayar da kai ce.

Matan da ba a sa su a lissafi ba

Masu tsara aikin sun ɗauka manomi namiji ne, malamin gona ma namiji, matan kulle kuwa ba ruwansu da gona. Cecile Jackson ta rushe wannan zato. A maƙalarta ta 1978 ta ba da labarin matan karkara da ke aikin tsinkar kayan lambu a gonar kamfanin BUD a Kadawa, waɗanda suka yi yajin aiki a 1977 suna neman ƙarin lada. Ba makarantar boko suka yi ba, ba su da ƙungiyar ƙwadago, amma sun san darajar guminsu, sun kuma san lokacin da kamfani ba zai iya yi ba tare da su ba. A littafinta na 1985 ta bi sawun yadda aikin ya taɓa sana'o'in mata na cikin gida, da sussuka da casa da sayar da abinci, duk abubuwan da ba wanda ya tanadar musu malami.

Tsarin horo da ziyara

Hukumomi ba su sauya salo nan take ba. Da aka kafa KNARDA, hukumar raya aikin gona ta Jihar Kano, a farkon shekarun 1980 da rancen Bankin Duniya, an ɗauko tsarin horo da ziyara na Daniel Benor: a horar da malamin gona duk mako biyu, ya kai saƙo ga zaɓaɓɓun manoma, su kuma su yaɗa. Tsarin ya kai malamai ƙauyukan da ba su taɓa ganinsu ba, wannan gaskiya ne. Amma saƙon daga sama yake sauka, kuma zaɓaɓɓen manomin sau da yawa mai hali ne ko na kusa da mai gari. Manazarta irin su Robert Chambers da Paul Richards sun soki wannan salo, daga baya shi kansa Bankin Duniya ya janye daga gare shi saboda tsada.

Abin da manoman suka yi da ruwan ya ba masu sukar gaskiya. An hana shigo da alkama a 1987, nomanta ya yi tashe na ɗan lokaci, ya ja baya da aka ɗage hanin. Shinkafa da tumatir da albasa da masara su ne suka zauna. Kura ta zama cibiyar shinkafa da injinan casa, Kwanar Gafan ta zama kasuwar tumatir da motoci ke lodi zuwa Kudu. Yawancin dabarun wannan noma, daga rainon iri zuwa sanin ranar da kwando zai yi daraja, manomi ne ya koya daga maƙwabcinsa.

Makarantar yara

Irin wannan sauyin tambaya ya faru a binciken karatun yara. Bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976, rahotanni da yawa sun ɗora laifin ƙarancin ɗalibai a kan iyaye. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a unguwannin birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa tallar yarinya ita ce ƙafar uwar da ke kulle, ita ce kuma hanyar tara kayan ɗaki, don haka sa ta a makaranta yana da farashin da gidan ke biya. Hannah Hoechner, a littafinta na 2018 kan almajiran Kano, ta saurari yaran da kansu, ta nuna yadda talauci da lalacewar makarantun gwamnati ke cikin dalilan iyaye. Duk wanda ya ga yadda aji ke raguwa a lokacin dashen shinkafa ko tsinkar tumatir ya san wannan lissafi ya shafi Kura da Bunkure kai tsaye.

Akwai aibin da ke kan su kansu masu sukar, kuma bai kamata a rufe shi ba. Kusan duk waɗannan ayyuka da Ingilishi aka rubuta su, aka buga yawancinsu a Turai da Amurka, suka zauna a ɗakunan karatu na Samaru da Jami'ar Bayero. Jikokin matan da suka yi yajin aikin Kadawa ba su da hanyar karanta abin da aka rubuta a kan kakanninsu da harshensu. Hoechner ta ɗan kauce wa wannan da fim ɗin Duniya Juyi Juyi, wanda almajirai suka tsara suka fito a ciki da Hausa. A ɓangaren noma, shirin inganta noman rani na TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 ya gyara magudanai, ya kuma ɗora wa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa alhakin kula da ƙananan magudanai da tara kuɗin ruwa, aikin da a shekarun 1970 aka ɗauka sai ma'aikacin hukuma ne zai iya.