Iyakar Ɗan Barto da saƙon murya

Duk wanda ya tashi a Ɗan Barto ya san cewa daga nan zuwa Kwangwalam ba wata tafiya ba ce. Ka wuce nan, sai Mai'adua, sai Daura. Amma a takarda ƙasa biyu ce. A 1906 Faransa da Ingila suka sa hannu kan yarjejeniyar iyaka a Landan, sannan tawagar Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee ta bi daji tana kafa alamomi har zuwa 1908. Ba wanda ya tambayi kakanninmu. Su dai suka ci gaba da cin kasuwa ɗaya da aurar da ƴaƴansu tsallake.

Inda iyakar ta yi aiki sosai shi ne a baki da alƙalami. Mu aka kai mu lakwal, su makarantar boko. Mu muna cewa duwan, su kwastan; mu mushe, su ticha. Ko a rubutu, mu ƴ muke sawa inda suke sa 'y. Shekara ɗari ta ishi harshe ɗaya ya yi riga biyu.

Da waya ta zo, sai abin ya fito fili. Na rubuta wa ɗan kawuna na Daura "ina kouana", da harrufan Faransanci kamar yadda yawancinmu ke yi, ya yi ta dariya wai wane yare ne wannan. Ni ma, da girman kan ɗalibin ilimin harshe, na riƙa yi masa gyara a Hausarsa mai cike da Ingilishi. Muka ɗan ja baya da juna, a kan harafi fa!

Tsofaffinmu ba su shiga wannan rigima ba. Tun da WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013, kakata da ba ta taɓa zama a aji ba take danna waya ta gaida ƙanwarta, ta tambayi gero, ta tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya. A murya babu "ou" babu "u".

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyakar, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Cikin waɗannan watanni ƙanwar kakata ta rasu. Ta'aziyya ta zo ta waya, ta tafi ta waya. Na zauna kusa da kakata ina danna mata saƙonni, ta saurara, ta ce in sake. A nan na fara jin Hausar Daura da kunnen ɗan uwa, ba na mai gyara ba. Ranar na aika wa ɗan kawuna murya, karo na farko.

Duk da haka kakata ba ta ɗauka ta yi gaisuwa ba. Da aka buɗe hanya, ta sa na raka ta Daura, ta zauna a tabarmar gidan kwana uku.